Tulun da Ya Tsage

Kafin ladan ya sauko nake fita,
da wuƙar yankan kuɓewa da tsohon bokiti,
don fure, in rana ta taɓa shi, ya gama magana.
Da sanyin asuba ake roƙon bazara.

Bayan dangar Nomau darbejiya ta zuba fari,
ƙamshinta har bakin rijiya.
Ɗorawar kan iyaka ta rataya jajayen tuntaye,
marga ta saki rawaya kamar ta yi ɓarin kwano.
Kowace sai na yi mata sallama kafin in sara.

Tulun Inna ne, wanda ya tsage a wuya
shekarar da ta bar mu.
Aka jingine shi bayan rumbu, kaza na ƙwai a ciki.
Na wanke shi, na zuba jiƙaƙƙen yashi daga fadamar Auyo,
gawayi biyu kada ruwa ya yi wari,
na gicciya siraran kara a bakinsa kamar saƙar asabari
don kowane reshe ya sami inda zai dogara.

Yanka a karkace, yadda malam ke fiƙe alƙalami.
Ganyen ƙasa a tsige, in ya nutse ruɓewa yake.
Tumfafiya kuwa, mai saurin kuka,
a kai gindinta ga garwashi
har ta daina zubar da madara.

Baba na kan buzu a inuwar zaure.
Shekara uku ke nan yana ta rufe masa ido,
amma hancinsa bai tsufa ba.
"Hansai, wa ya shiga mini albasa?
Farin kan nan da kika tsinko, irin baɗi ne.
Fure ba ya kaɗa miya,
ba a auna shi a tiya,
wannan aiki ne na yara."

Na yi shiru. Kurciya ma ta yi.

Can ya ce, "Kawo in ji."
Na ajiye tulun tsakanin ƙafafunsa.
Yatsun da suka san ƙotar fartanya shekara sittin
suka bi wuyan tulun, suka tsaya a kan tsagar,
suka daɗe a wurin,
sannan suka haura.

"Kin cusa su kamar awaki a motar kasuwa.
Wa ya koya miki shuka?
Dawa a baya, ita ce mai tsawo.
Gero a tsakiya.
Wake a ƙyale shi ya yi yaɗo a ƙasa.
Cire wannan. Wannan ma.
Ki bar wa iska kunya guda,
gonar da ba ta numfashi ba ta tsira."

Na cire, raina na ƙuna,
reshe goma sha ɗaya suka koma biyar.
Ɗorawa ta miƙe ita kaɗai, ta ɗan karkata gabas,
marga ta sunkuya a kafaɗarta,
farin kan albasa ya zauna a tsakiya kamar limami,
duman rafi ya zubo ta bakin tulu.
Na ja shi zan rufe tsagar, Baba ya riƙe hannuna:
"Nan ba ya son gyara."

Kwana uku suka yi.
A na huɗu rawaya ta zube a kan buzunsa,
na ɗauko tsintsiya, ya ce in bari,
wai ba kowane abin da ya faɗi ne shara.

Daren jiya an yi walƙiya ta wajen Haɗeja,
ba ruwa, sai alkawari.
Yau ban ji ladan ba, sandarsa na ji a ƙofar ɗakina:
"Kunyar ƙarshe, ta bakin kwata, na bar miki.
Tashi, Hansai.
Rana ba ta jira."