Takardar Jar Ƙasa

A bayan Kwadon, inda gonar Kawu Jungudo ta ƙare,
nan muke yankar tudu tun gari bai gama wayewa ba.
Tifa shida a yini, in inji bai yi gardama ba.
Jar ƙasa ce, ciko za a yi da ita a Tumfure,
ƙarƙashin benen da ba zan taɓa hawa ba.

Ran Talata sai ga Malam Bappayo a kan babur,
fayil a hammata, tef a aljihu.
Ya ce, "Ina takardarku?"
Direba ya zaro ta daga bayan madubi,
ta sha gumi, ta sha baƙin mai, hatimin ya koɗe.
A tsaye ya karanta mana:
zurfi kada ya wuce ƙafa goma,
a bar taku hamsin tsakanin rami da hanya,
in an gama a rufe, a dasa itace.
Muka ce to.
To ba ta da nauyi, shebur ke da shi.

Can gefe ga Inna Dudu da kwandonta,
tana kankarar ƙasar yaɓen bangon da damina ta lasa.
Na ce, "Ita fa, ranka ya daɗe?"
Ya ce, "Mai gyaran ɗakinta ba ta biyan ko sisi.
Kwando, jaki, baro guda, doka ta yafe.
Sai ƙasa ta hau mota ta zama kuɗi
sannan ofis ke sanin sunanta."

Ya tafi. Tef ɗin bai fito daga aljihu ba.

Yau ga Agusta.
Ramin ya sha ruwa har wuya, kwaɗi sun tare,
kunya uku ta gyaɗar Kawu ta rufta ciki
da dare, ba sallama.
Inna Dudu kan zagaya ta nesa in za ta rijiya,
riƙe da hannun jikanta kamar za a ƙwace.

Tifa ta koma wani tudun da sabon hatimi.
Takarda wata uku take yi ta mutu,
rami kuwa ba a rubuta masa rana ba.

Jiya na kafa dashen maina ɗaya a bakinsa,
don a ce wani ya cika layin ƙarshe.
Kafin la'asar akuya ta cinye.