Mai Gyaran Injin Ruwa

Shekara talatin ina gyaran injin ban-ruwa
a garakar albasa ta bayan Tawa.
Da kunne nake gane cutar inji:
in ya yi tari, in ya shaƙe,
in ya ja iska maimakon ruwa.
Nomau, zo ka ji, su ce,
in ɗora tafi bisa cikinsa kamar ungozoma.

Nawa jikin ban saurara ba.

Tururuwa ce ta fara sani.
Inda na tsuguna a gindin bagaruwa,
kafin in ɗaure tsawon wando
sun yi layi kamar masu jiran sadaka.
Na gaya wa Illa, muka sheƙe da dariya,
muka ƙara shayi, suga har ya kwanta.

Sai dare ya koma fatauci,
daga shimfiɗa zuwa makewayi, sau bakwai, sau takwas,
buta ta san hannuna fiye da carbi.
Daga baya kuma, shiru.
Mara cike tam kamar salka, ni ban ji ba.
In tsuguna, in jira,
ɗis,
ɗis,
ni da ke tado ruwa daga gaba goma.

Abin da ban gaya wa kowa ba
wata Juma'a ce.
Sahu na biyu, liman ya kai ruku'u,
na ji ɗumi yana bin cinyata.
Na fita riƙe da hanci kamar mai haɓo.
Tun daga ran nan sahuna bakin ƙofa,
takalmi kusa da hannu.

Likita ta ce suga ya cinye jijiyar da ke kai saƙo,
mafitsara na kira, babu mai amsawa,
ruwan da ya kwana ya koma sama, ya iske ƙoda.
Na ce, to ai bawul ne ya mutu, bawali ya juya baya.
Ta dube ni, ta ce, kusan haka.
Na ce, wace kasuwa ake samun sabo?
Ba ta yi dariya ba.

Yanzu ga ni Yamai, ƙetaren gada.
Litinin da Alhamis, ranakun da nake azumi a da,
awa huɗu jinina na fita ta tiyo,
ya zaga, a wanke shi, ya dawo gida kamar baƙo.
Ɗiyata Kuluwa ta sayar da tunkiyarta mai ciki,
ta ce dama ta gaji da kukanta.
Ita ke auna mini ruwa,
kofi biyu, safe zuwa dare,
ga Kwara can tana wucewa
ba wanda ke ƙirga mata.

An ce albasa ta yi kyau bana.
Illa ya bugo waya, wai injinsa na tari.
Na ce kara shi kusa in ji.

Jiya kuma, ina kwance,
na'urar gadon kusa ta sake murya.
Na kira Asumana mai allura, na ce, tana jan iska.
Ya ce, Baba, ka huta.
Bai rufe baki ba ta soma ƙara.

Da ya gama, ya tsaya yana dubana.
Na miƙa hannun da ba allura,
na ɗora tafi bisa tawa.
Da ɗumi.
Tana aikinta.