Ƙofar Kabad Ta Hagu

Dillali ya ce mai saye zai zo ran Laraba.
Ya shafi ƙofar kabad da ɗan yatsa,
ya dubi yatsan, ya goge a wando.
Ban tanka masa ba.

Gidanmu na kan tudu a Valparaíso,
inda teku ke turo danshi ta ƙarƙashin ƙofa.
Shekara arba'in da ɗaya
innata Eulalia na soya kifi a lungun nan,
hayaƙin mai ya hau katakon rauli ya zauna
zaman baƙon da ya mance hanyar gida.

Don Heraclio kafinta ya leƙo ta taga,
fensir a bayan kunne.
"Ximena, ba a kokawa da katako.
Ruwan ɗumi, ɗigon sabulu, tsumma matsattse.
Bi jijiyarsa, yadda ake shafa kyanwa.
In kin gitta masa, zai riƙe ki a zuci."

Na bi.
Maiƙo ya riƙa saukowa launin shayi,
bokiti ɗaya, biyu, na huɗu ma bai yi haske ba.
Farin zoben da tukunya mai zafi ta bari
na rufe da tawul, na ɗora dutsen guga,
ya ɗaga a hankali kamar hazon safiya a tashar jirage.

Baƙin da ke ƙasan famfo ya fi taurin kai.
Tun shekarar da ƙasa ta girgiza
bututu ya tsage cikin dare, muna kwana a titi.
Shi sai da farar hoda daga kantin fenti,
safar roba, taga a buɗe,
na shafe shi na bar shi ya kwana da tunaninsa.
Da safe ya sallama.

Saura ɗaya.
Ƙofar hagu, inda kofuna suke,
ɗan sama da mariƙi,
duhu mai girman ƙwan tantabara.
Babana Baldomero bahago ne.
Daga tashar jirgi yake dawowa, hannu duk man inji da gishiri,
ya tura ƙofar da babban yatsa kafin ya nufi famfo,
inna ta yi faɗa, ya yi dariya,
gobe ya sake.

Na sa bekin soda, na bi da lemun tsami.
Ya yi shiru.
Na ɗauko samfefa mai laushi.
Minti goma, wataƙila ma ba su cika ba.

Ya tafi.
Sai dai wurin ya yi fari fat,
ya fi tabon kiran ido,
kamar gurbin haƙori a bakin da ka saba gani.

Inna ta shigo tana dogara sanda,
hannunta ya kai wurin tun kafin idonta.
Ta tsaya.
"Ina kika kai shi?"
Ta ɗauki kofi, ta fita ba ta zuba komai ba.

Don Heraclio ya duba, ya sosa ƙeya.
"Kin kankare har da shekarun.
Dafa baƙin shayi mai kauri, ki shafa,
ya bushe, ki sake.
Ba zai koma daidai ba. Kusa dai."

Daren Talata ina tsaye da auduga,
ina mayar wa katako duhun da na wuni ina cirewa.
Shafa ta bakwai, ta takwas.
Jiragen ruwa na kuka a ƙasa.
Na rufe da kakin zuma, na murza har kafaɗa ta gaji.

Laraba, mai saye ya zo da matarsa da jariri a goye a ƙirji.
Matar ta buɗe kabad ɗin ɗaya bayan ɗaya,
ta ce kicin ɗin na ƙamshin lemo.
Da ta kai ta hagu jaririn ya motsa,
ta tallafe shi da dama,
ta tura ƙofar da babban yatsan hagu.

Kakin bai gama bushewa ba.