Mangalar Cikin Ƙarfe

Shekara arba'in ina riƙe da awartaki a Aujara.
Na san yadda zafi ke hawa ƙarfe:
ba ya gudu, ba ya sallama,
daga bakin gawayi yake rarrafowa
har ya iske tafin hannuna.
Na ɗauka iyakar karatun ke nan.

Sai Hansatu ta zo hutu daga jami'a,
ta zauna kan tsagaggen turmin ƙofar maƙera,
ta ce, "Baba, cikin sandar nan akwai jakuna."
Na ajiye masaba.
Yaron zugazugi ya tuntsire da dariya.

Ta ce ƙanana ne, ƙwayar gero duniya ce a wurinsu,
kowanne da mangala a baya,
ɓari guda zafi, ɓari guda lantarki.
A jan ƙarfe, a azurfa,
a siririyar wayar da Ɗanlasan ke cajin kuɗi da ita,
awon ba ya saɓawa:
tiya a nan, tiya a can.
Abin da ya iya kai wuta, ya iya ƙona hannu.

Na ce, ai wannan adalcin ma'auna ne.
Ta ce, akwai kasuwar da ba a bin sa.

Akwai wasu ƙarafa, in ji ta,
masu maganaɗisu a cikin jini.
Ana kwantar da su a ɗakin sanyi,
sanyin da ƙanƙara za ta shiga ta nemi bargo.
A can kowane jaki juyi yake kamar katantanwa,
na gaba na jin motsin na baya ba tare da waiwaye ba.
Ka kora su gabas, su karkata kudu,
kamar ruwan lambu da ya sami ramin gafiya.
Wani sa'in lantarki ya isa gida cif,
zafi ya zube a hanya.
Wani sa'in zafi ya yi gaba shi kaɗai,
ba jaki, ba mai kora,
rawar jikin ƙarfen ce kawai ke miƙa shi.

Na ce, wa ya gan su?
Ta ce, babu. Sawu ake bi.
Na yi shiru, don kakanta maharbi ne.

Da la'asar ta tafi ɗebo wa uwarta ruwa.
Na mayar da bakin garma cikin wuta,
na bar hannuna a kan ƙarfen fiye da yadda na saba,
ina jiran ayarin.
Ya iso kuwa, a hankali, kamar kullum.
Karo na farko ban zage shi ba.
Na ce, sannunku da hanya,
sannan na saki, na tsoma yatsuna a kasko.