Takalmi Mai Surutu

Ranar Asabar a Valparaíso, ruwa na dukan kwanon rufin gidaje,
na kama hannun jikata Isidora muka faɗa silima.
Shekara arba'in na yi ina fentin jiragen ruwa,
na san launi kamar yunwar cikina,
don haka na zauna, na harɗe hannu, ina dakon kuskure.

Ga labarin: wani sarki ne ya sace dare,
ya toshe shi a tulu don kada talaka ya runtsa.
'Yar mai niƙa ta ci ɗamara ta tafi nemo duhu,
abokin tafiyarta wani tsohon takalmi mai surutu.

A faɗi gaskiya, masu zanen sun iya.
Sun san rana in ta daɗe ba ta faɗi ba
rawaya take komawa, mai ciwo,
irin ta haƙoran mashayin taba.
Na ga gumi a ƙeyar mai gasa burodi,
na ga kare na neman mafaka a cikin inuwar kansa.
Wanda ya zana wannan ya taɓa kwana ido biyu.

Waƙar farko ta shige ni ba sallama.
Ta biyu na yi mata kara.
Kafin ta bakwai, yarinya ba ta iya buɗe ƙofa
sai ta rera mata baiti.
Gishiri ma in ya yi yawa, kare ake ba miyar.
Takalmin kuwa bakinsa ba linzami,
ana tsakar makoki yana zolaya,
kamar masu fim ɗin na tsoron mu yi shiru minti guda
mu ji inda ke mana zafi.

An cuso wani yarima, sumul kamar hoton kwalin sabulu,
ko tsinke bai ɗaga ba, amma da shi aka raba tukwici.
Uwar yarinyar ko suna ba a ba ta ba.

Sarkin ne ya fi ƙona mini rai.
Shekara ashirin yana murƙushe gari,
sai waƙa ɗaya, minti uku da kiɗa,
ya matse hawaye, aka yafe, aka hau rawa.
Na yi aiki a ƙarƙashin irinsa a tashar nan tamu.
Ba a wanke tsatsa da waƙa.
Kankarewa ake yi har tafin hannu ya fashe.

Amma da aka fasa tulun,
duhu ya malalo a hankali kamar shuni cikin ruwa,
ya hau matakala, ya shafi tagogi ɗaya bayan ɗaya.
Ba kiɗa, ba waƙa, takalmin ma ya kama bakinsa.
Mai burodi ya kishingiɗa a kan buhun fulawa,
sai na ji tabarauna ya yi raɓa.
Na ce sanyin ɗakin ne.

A cikin tsohon akwatin ƙarfen da ke hawa da mu tudu
na lissafa mata laifuffukan da yatsu.
Ta saurara tana lasar gishirin gugguru,
ta ce, "Kaka, ai takalmin ya fi kowa.
Tsoro ne ke sa shi surutu. Ba ka lura ba?
Ɗan'uwansa ya ɓata, shi kaɗai ya rage."

Ban lura ba.
Ni da na ce ido gare ni.
Ni da tun rasuwar Eduvigis
nake yi wa tukwane da kujeru hira har tsakar dare.

Can ƙasa fitilun tashar jiragen suka fara kamawa,
dare na tahowa da ƙafarsa, kyauta, ba tikiti.
Ta jingina da kafaɗata tana gunjin waƙar nan ta bakwai,
wadda na ce ita ce ta ɓata miya,
ni kuma ƙafata, ba da yawuna ba,
tana buga mata kiɗa a kan katako.