Bayan Littafin Bashi

A Ƙofar Marusa nake da rumfa:
teburi guda, dalma, ƙarfen liƙi,
da rediyo goma sha bakwai masu jiran magani.
Duk wadda ta farfaɗo a hannuna
da muryar wani take fara tari.
Ta haka na haddace Honarabul Ilu
fiye da magatakardan da ke rubuta masa.

Gaban littafin bashina na masu kawo gyara ne,
bayansa na bar wa Honarabul.
Ba gaba, ba fadanci,
biro ne kawai da kwanan wata.

Talata, cikin Rajab, shekarar fari,
ya ce ruwan Ajiwa zai hau famfon kowa
kafin azumi ya zagayo.
Azumi ya zagayo sau uku.
Mai garuwa ya sayi kura ta biyu,
gizo-gizo ya aurar da 'ya a bakin famfonmu.

Amma kada biro ya ci amana:
kwalbatin bayan masallaci shi ya gina.
Damina biyu ke nan
Gwaggo Tabawa ba ta kwana tsaye da ƙwarya tana kwarfa ba.
Na rubuta. Na ja layi biyu a ƙasa.

Ranar ƙudurin ƙarin harajin rumfuna
na kasa kunne kamar mai jiran sakamakon asibiti.
Aka ce masu goyon baya,
zaure ya amsa baki ɗaya.
Aka ce masu ja,
ban ji kowa ba sai fanka.
Washegari ya zo gidan rediyo yana cewa
shi a zuciyarsa bai yarda ba.
Ranka ya daɗe, majalisa ba ta ƙirga zuciya,
hannu take ƙirgawa.

Zama goma sha ɗaya a shekara ta biyu
kujerarsa ce ta wakilce mu.
Ba laifi, ta yi shiru da ladabi.

Sai batun filin ƙwallon firamare
da aka so a yanka shaguna.
Shi kaɗai ya miƙe.
Muryarsa na rawa, na zaci batir ne,
na canza, ashe daga can ne.
Suka cire shi daga kwamiti kafin sati ya cika,
fili kuma yana nan, ɗana Mudi yana tsaron gida da silifa a hannu.
Ranar na sayi shayi kofi biyu,
na sha nawa, na sha nasa.

Jiya bayan la'asar, ba jiniya, ba 'yan rakiya,
sai ga shi da wata tsohuwar rediyo a hammata,
an ɗaure murfinta da tsumman zane.
Ta mahaifiyarsa ce.
Ta ƙi waya, ta ƙi talabijin,
a nan take jin ɗanta idan ya yi magana.

Waya guda ce ta saki. Na liƙe.
Kafin dalma ta huce na juya littafin,
na tura masa ta baya.
Ya karanta a tsaye, hula ta koma ƙeya.
Ya yi murmushi wajen kwalbati,
ya daɗe wajen haraji,
wajen kujera ya yi tari.

Ya ce, Malam Bawale, nawa ake bina?
Na ce na waya ɗari biyar.
Sauran ba ni kaɗai ke bi ba,
ban da ikon yafewa, ban da ikon ragi.

Ya biya. Ya manta canji.
Na buɗe bayan littafin na sa:
Laraba, ya zo da ƙafarsa,
yana bina ɗari biyar.
Shafi huɗu suka rage.