Tsakuwar Barira

Ran Laraba Barira ta zo maƙera,
takalminta fari, ƙasar Aboabo baƙa.
Ina tsugune gaban murhu, Issaka na zuga,
gwangwanin lemo da tsohon fistan na narkewa a kasko ɗaya.

Ta zaro auduga daga 'yar kwalba.
Tsakuwa ce, ba ta kai gurjiya ba.
Ta ce, Baba, ban da wannan hannun naka,
aro na yi a ɗakin bincike, gobe zan mayar.

Na ce 'yar wace ce da ba a taɓa ta?
Ta ce daga sama ta faɗo cikin Sahara,
kuma ta girmi ƙasar da kake tsugune a kai.

Na yi dariya har toka ta shiga haƙorina.
Ni ɗin nan ba ni da takardar haihuwa.
Inna ta ce shekarar da gara ta ci rumbun kawu,
kawu ya ce ƙarya ne, gobara ce.
To dutse ne zai san ranar sunansa?

Ta ja benci ta zauna.
Ta ce, ka tuna Maame Adwoa mai waken kwana,
wadda ta ɗauki tukunyarka bashi?
Duk Juma'a rabin abin da ya rage take biya,
wata Juma'ar rabin rabin.
Ko littafinka ya ɓace,
ƙirga abin da ya shigo, ƙirga abin da ya saura,
za ka san ranar da tukunya ta bar rumfa.

Haka wani ƙarfe yake a cikin dutsen nan.
Yuraniyom sunansa, da dalma yake biya.
Ba ya fashi don ruwa, ba ya gaggawa don rana,
ba shi da ɗan'uwan da zai roƙa masa a ɗaga.
Mu dai awo muke yi.
Shekara miliyan dubu huɗu da ɗari biyar da ɗoriya.

Issaka ya saki zuga ya ce nawa ake sayarwa?
Na ce koma kan aikinka.

Ta ce akwai ma ɗan'uwan sanholonka,
mai zafin rai, wanda ba ya daɗewa.
Shi ya dafa wata ƙaramar duniya daga ciki
tun rana tana jaririya.
Mai nauyi ya nutse, marar nauyi ya taso,
sama ta sha sanyi ta yi ɓawo.
Daga baya aka yi karo, duniyar ta tarwatse.
Wannan ɓarin ɓawon ne.

Nan na daina dariya.
Shekara arba'in ina kallon wannan abu.
Na ce matso.
Na sauke kasko da awartaki, na ajiye kan yashi.
Ruwan ƙarfe yana rawa kamar idon kifi,
datti ya taru a gefe,
sai fuskar ta dushe, ta yi yana, ta yamutse,
ƙasa kuwa har yanzu wuta ce.

Ba ta ce komai ba.
Yarinyar da na biya wa makaranta da murafen tukwane
ta durƙusa da farin takalminta
tana kallo har yanar ta ɗauki tsinke.
Kaskon ya lalace mini, sai an sake zuga.
Gawayin sidi talatin.

Da dare uwarta ta kankaro ƙanzon shinkafa,
ta miƙo mini kamar kullum.
Na daɗe ina juya shi a hasken fitilar waya.
Ta ce ci mana, ko ƙuna ya yi?
Na ce a'a.
Ina so in san yaushe aka sauke tukunyar.